Buhun Rairayi

Likitan da ke duba ni a Tasawa ya ɗaure mani dantse da robar nan mai hura iska, ya matsa, ya duba, ya girgiza kai, ya ce tansiyo, wato jinina, ya hau. Ya ce, "Baba, sai ka riƙa motsa jiki. Amma kada ka ɗauko abin da ya fi ƙarfinka. Ka fara da kaɗan, ka riƙa ƙarawa a hankali."

Na ce, "Likita, ka san da wanda kake magana kuwa? A duk ƙasar Kona ni ne mutum na farko da ya taɓa tsara wa wani purogaram na sipor, wato tsarin motsa jiki, a rubuce, da jan layi da komai."

Ya yi dariya, ya zaci raha ce irin ta tsofaffi. Na ƙyale shi, don mutane na jira a waje. Amma gaskiya na faɗa mashi, kuma da ya san yadda purogaram ɗin ya ƙare da bai yi dariya ba.

Shekara huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, kafin mushenmu, wato malaminmu, da ni mu yarda cewa mun gaji da juna. Na fito da abu uku: ina iya rubutu in ba a gaggauta ni ba, ina iya ƙirga da Faransanci har inda numfashina ya tsaya, sannan na haddace motsa jikin da ake sa mu kowace safiya a filin lakwal, ana ihun "an, de, an, de", wato ɗaya, biyu. A ƙauyenmu wannan ya isa a kira mutum masani. Matar yayana ce ta laƙa mani suna Mushe, don tsokana, irin wasan da ke tsakanin mace da ƙanen mijinta. Ni kuwa na karɓi sunan da hannu biyu, kamar gwamnati ce ta ba ni.

Lokacin da nake magana, damina biyu ta wuce ba mu cika rumbu ba, ta ukun kuma ba ta zo ba tukuna. Bazara ce. Awakinmu sun ƙare, jakinmu ya kwanta bai tashi ba. Anza muke ci, ƴaƴan itacen nan mai ɗaci da sai an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwa kafin ya shiga baki. Mu shida ne a gida: Inna, yayana, matarsa, ƴaƴansu biyu ƙanana, sai ni, saurayi ɗan shekara ashirin da wani abu, siriri kamar karan dawa tun ma ana ƙoshi.

Sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, kuma su ne ke rabon hatsin taimako. Wata safiya mai shelar maigari ya zagaya ya ce mangazar hatsi ta Tasawa, wato sito, na neman ƴan dako masu loda kamiyo, babbar motar kaya. Ladan yini tiya guda, kwanon awo ɗaya, ta jar dawa, a hannu, kowace yamma. Amma ba kowa za a ɗauka ba. Nan da kasuwa huɗu sarjan zai gwada mutane: ka ɗaga buhu daga ƙasa kai kaɗai, ka kai shi kamiyo, ka hau katako ka sauke. Wanda ya faɗi ya koma gida.

Tiya guda kowace rana. Duk wanda bai taɓa ganin yaro na lasar ƙoƙon da ba a zuba komai a ciki ba, ba zai san abin da wannan magana ta yi mana ba.

Ba mu ma yi shawarar wanda zai je ba. Yayana zamanin gyaɗa shi ne ake nunawa a wurin awo. Buhu babba yakan cira shi ya jefa a kafaɗa yana hira da na kusa da shi. Sai dai wannan yayan na da ne. Na yanzu mazagin wandonsa sau biyu yake zagaye shi, kuma in ya tashi daga zaune sai ya dafa bango ya jira duhun idonsa ya waye. Shi bai yarda ya canza ba. Ni ma ban yarda ba. In na dube shi, mutumin wurin awo nake gani.

Na zaro tsohon kayena, littafin rubutuna na lakwal, na feƙe guntun fensir, na ja layi ashirin da takwas, kwana ɗaya layi ɗaya. Na rubuta: da asuba gudu zuwa gawon bakin gona a dawo. Da hantsi a kifa ciki a riƙa tura ƙasa da hannu kamar ƙadangare, sau talatin. Da la'asar ɗaga buhu. Ban bar ranar hutu ko ɗaya ba, domin mushenmu ya taɓa cewa hutu na raggaye ne, kuma duk abin da na manta na lakwal wannan bai ɓace mani ba.

Maganar buhun ita ce wadda na fi alfahari da ita. Muna da buhun taimako guda, fanko. Hatsin da za mu cika shi babu, amma rairayi Allah ya hore mana. Na cika shi fal, na ɗinke baki.

Matar yaya tana tsugune tana tsame anza. Ta ɗago ta ce, "Mushe, rairayi fa ya fi dawa nauyi."

Na ce, "Ai shi ne ilimin. In ya saba da rairayi, ranar gwaji dawa auduga za ta zame mashi."

"To a rage shi mana, a riƙa ƙarawa."

"Sarjan rabin buhu zai ba shi? Ke dai ki tsaya ga tukunyarki, matata. Wannan aikin masu karatu ne."

"Tukunyar me? Ka ga wani abu a ciki?"

Yaya ya yi dariya, ya ce, "Ƙyale shi, ya san abin da yake yi. Ya yi lakwal."

Wannan kalma ta yaya har yau ina jin ta.

Kwana biyu da farawa ya faɗi a hanyar gawo, ya daɗe yana haki. Na ce ai dole, ɗan sipor sai da abinci, haka yake a littafi. Ban taɓa ganin littafin ba, amma na tabbata haka yake a ciki. Abinci kuwa ɗaya ne ya rage a gidan, kowa ya san inda yake, ba wanda ke ambatonsa: tulun irin gero da Inna ta liƙe bakinsa da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta, don shukar damina.

Na tsaya gaban Inna na yi bayani, da yatsu da lissafi. Na ce in yaya ya samu aikin, jar dawa za ta shigo kullum, iri kuma Allah zai kawo. In bai samu ba, wa zai rayu har ya yi shuka? Maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗayanta, shi ya sa ta yi tasiri. Inna ta dubi yaya, yaya ya dubi ƙasa. Ta shiga ɗaki, muka ji ta tana ƙwanƙwasa lakar da bakin wuƙa.

Daga ranar kullum matar yaya na dakan ɗan geron ta dama mashi. Yara su zauna nesa kaɗan suna kallon maƙogwaronsa. Yakan bar masu saura a gindin ƙwarya in ya ga na juya baya, ni kuma in yi faɗa, in ce yana ɓata purogaram.

Mutanen ƙauye sukan zauna a inuwa su ga ƙato na gudu ba wanda ya kore shi, ni ina biye ina "an, de, an, de". Da ƙoshi ne da an yi ta dariya har a sa mana waƙa. Amma ba mai ƙarfin dariya. Wani tsoho maƙwabcinmu ne kawai ya ce, "Ku da kuka samu abin ƙonawa a ciki, sai ku ƙone shi a hanya?" Na ce a raina, jahilci.

Buhun kuwa, kwana takwas na farko ni ke kama mashi gindi har ya hau kafaɗa, ya yi taku biyar ko shida ƙafafunsa na rawa, ya yar. A layi na tara na riga na rubuta tun ranar farko: shi kaɗai. Ban duba mutumin ba, kayen na duba. Tunda an rubuta, ai sai a yi.

Matar yaya ta ce, "Yau bai yi kama da mai ɗaga komai ba. Dubi leɓensa."

Na ce, "Kwana goma sha tara suka rage. In ba yau ba sai yaushe?"

Yaya ya tofa yawu a tafin hannu, ko da yake yawun ma kaɗan ne. Ya sunkuya, ya rungumi buhun, ya cira. Ya kai shi har ƙirji. Na buɗe baki zan yi kirari, sai na ga fuskarsa ta canza. Bai yi ihu ba. Ya saki buhun a hankali, ya zauna a kansa, ya dafe mararsa da hannu biyu, ya ce, "Ƙane, wani abu ya tsinke."

Kafin magariba ƙullutu ya fito mashi a matsematsi, kamar ƙwan zabo. Wanzamin ƙauye ya zo ya taɓa, ya tura ya koma, yaya ya yi tari ya sake fitowa. Ya ce hanji ne ya sauka. Ya naɗe mashi ƙugu da tsohon rawani, ya ce ko tulun ruwa kada ya kuma ɗagawa.

Washegari na zauna bayan ɗaki da kayena a cinya, ban san abin da zan rubuta ba. Matar yaya ta zo ta tsaya a kaina. Na jira zagi. Da ta zage ni da na ji sauƙi.

Ta ce, "Tashi, Mushe. Saura kai."

"Ni? Ke ma kin san ko tunkiya ban taɓa ɗagawa ba."

"Ban ce ka zama ƙato ba. Buhu ɗaya ne, sau ɗaya, gaban mutum ɗaya. Abin da ya biyo baya ma gani. Ba ni kayen nan."

Na ba ta. Ta yage shafin, ta cusa a murhu ta hura wuta da shi.

Abin da ta yi daga nan ban taɓa ganinsa a lakwal ba. Ta ɗauko taɓarya ta ɗaure ta a tsakiya da igiya, ta rataya a reshen aduwar tsakar gida. Gefe ɗaya ta rataya ƙullin gero tiya guda, gefe ɗaya ƙullin rairayi, tana ragewa tana ragewa har taɓaryar ta daidaita. Ta zuba rairayin a wani ƙoƙo, ta yi alama da gawayi inda ya tsaya. Ta ce, "Wannan ne nauyin tiya. Buhun nan tiya ashirin yake ci, na auna sa'ad da aka raba mana." Ta farke ɗinkina ta zazzage, ta auna ƙoƙo ashirin ta mayar. Rairayin ya tsaya kaɗan sama da rabin buhu.

Muka tsaya muna kallo. Ashe kusan buhu biyu nake sa yayana ɗagawa, da cikin anza da ɗan kunu. Matar yaya ta sake zazzagewa, ta mayar da ƙoƙo takwas kawai.

Ta tambayi matan da suka taɓa zuwa karɓar rabo a Tasawa nisan ƙofar mangaza da inda kamiyo ke tsayawa. Suka ce bai wuce taku goma sha biyar ba. Ta ja layi biyu da toka a tsakar gida, ta jingina wani guntun kututture a ƙarshe a madadin katako. Ta ce iyakar duniyata ke nan, daga toka zuwa toka.

"Gudun fa?" na ce.

"Sarjan tsere zai sa ku?"

"Tura ƙasa fa?"

"Ƙasa ta yi maka wani laifi? Ka ɗaga sau uku da safe, ka je ka kwanta a inuwa. Gobe hutu. Jibi in ƙara ƙoƙo biyu. Kuma ka rage surutu, shi ma ƙarfi yake ci."

Wannan na ƙarshen ya fi ɗaga buhun wuya.

Yaya yana kwance a tabarma a gindin aduwa, shi ya koya mani abin da ni da karatuna ban taɓa tambayarsa ba. Ya ce, "Kada ka cira da baya. Tsuguna, ka mirgino shi kan gwiwa. Yauwa. Yanzu shiga ƙarƙashinsa, ka bari ƙafa ta tashi da ku duka. Kada ka riƙe numfashi." Na ce, "Yaya, kai me ya sa ba ka yi haka ba?" Ya ce, "Da can ban taɓa bukata ba. Kuma ba ya cikin kayenka."

Sauran geron tulun ya dawo kaina. Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Mutumin da na karya yana kwance taku uku daga inda nake, ƴaƴansa na zaune a gefensa, ni ina shan kunun da aka dama da irin gonarmu. Ranar farko na ture ƙwaryar. Yaya ya ce, "Sha." Na ce ba zan iya ba. Ya ce, "Ba don kai ake ba ka ba. Sha." Na sha. Matarsa ta tsaya a kaina har na suɗe, don kada in rage wa kowa.

Takwas, goma, sha biyu. Ranar da aka kai ƙoƙo sha huɗu na kasa hawa kututturen. Na zaci za ta ce in sake. Ta ce, "Ajiye. Jibi ma sha huɗu." Na ce lissafi zai ɓaci. Ta ce, "Lissafi ne zai ɗauki buhun?" Na ƙarshen da na ɗaga a gida ƙoƙo goma sha takwas ne. Na ce saura biyu ban taɓa gwadawa ba. Ta ce, "Biyun nan tsoron sarjan zai ɗaukar maka."

Ta sa na tashi tun ana jibi gwaji, in yi tafiyar a sanyin safiya, in huta yini guda cur a zauren wani ɗan ƙauyenmu da ke Tasawa, don kada in bar ƙafafuna a hanya. Ta ƙulle mani ƙarshen geron, dunƙulen fura biyu. Tulun ta kife shi a tsakar gida.

Ranar gwaji filin mangaza cike yake. Sarjan na tsaye da ƴar bulala a hammata, wani soja na zaune da takarda. Na ga maza masu faɗin kafaɗa, irin yayana na da, waɗanda suka kwana suna tafiya suka iso da safen nan. Su sunkuya su cira da baya, buhu ya kai gwiwa ya tsaya, su sake, su sake, sarjan ya nuna masu ƙofa da bulala. Wani ya kai tsakiyar katako ya dawo da baya, shi da buhun. Aka ja shi gefe, aka kira na gaba.

Da aka zo kaina sarjan ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wannan sauron fa? Wa ya aiko ka?"

Na so in amsa da Faransanci don ya san da wa yake magana. Sai na tuna surutu ƙarfi yake ci. Na tsuguna, na mirgino buhun kan gwiwa, na shiga ƙarƙashinsa. Ƙafa ta tashi da mu. Ban ga kamiyo ba, ban ga mutane ba, toka nake gani. Taku goma sha bakwai ne ashe, matan sun rage biyu. Katakon yana lanƙwasa yana rawa, ba kamar kututturenmu ba. A samansa gwiwata ta saki, na faɗa cikin kamiyon, buhun a kaina. Amma a ciki na faɗi.

Na ji sarjan ya ce, "Ya kai. Rubuta shi."

Na yi dako har damina ta sauka. Yadda na yi kwanakin farko Allah kaɗai ya sani, sauran ƴan dako suna zagina suna rage mani. Nakan ci kaɗan daga tiyata in tara sauran, ranar kasuwa in ba mutanen ƙauyenmu su kai gida. Ba mu binne kowa ba a gidanmu wannan shekara, gidaje da yawa kuwa sun binne.

Ruwa ya zo da kyau. Maƙwabta suka fita da sungumi, mu ba iri. Inna ta bi gida gida tana karɓar cikin tafi, muka shuka kusurwa ɗaya ta gonar, a makare. Sauran ta fito da ƙarangiya. Mai noman gidan kuma yana zaune a gindin aduwa.

Yaya bai sake riƙe hauya yini guda ba. Ya koma tufkar igiya da saƙar kaba, ƙugunsa a naɗe da rawani. An ce ana yi wa irin wannan aiki a asibiti, ya ce in an yanka shi wa zai ciyar da yara kafin ya warke, shekara ta bi shekara. Bai taɓa cewa ni na jawo mashi ba, ko sau ɗaya, ko cikin fushi. Sai dai in na wuce da hauya a kafaɗa zan tafi gona, yakan ɗago daga tufkarsa ya ce, "An, de. An, de." Mu yi dariya mu biyu. Har ya bar duniya ban gane ko wasa yake ba. A babban farin da ya sake dawowa bayan kamar shekara goma, ƙullutun ya fito wata rana ya ƙi komawa. Muka ɗora shi a amalanken wani muka nufi Tasawa. Bai kai ba.

Matarsa tana nan da rai, a gidan babban ɗanta, ƙofa biyu daga tawa. Idonta ya yi rauni, bakinta bai yi ba. Da na dawo daga wurin likita na je na zauna na faɗa mata. Na ce na yanke shawara, daga gobe kowace safiya zan taka har tasha in dawo.

Ta ce, "Har tasha? Wa ya rubuta maka wannan?"

Na ce, "Ni."

Ta ce, "Haba. Itacen bedi nawa ne daga ƙofarka zuwa bakin hanya?"

Na ce bakwai.

"Ka je na biyu ka dawo. Jibi ma na biyu."

Yau mako uku ke nan. Takan sa a fito mata da kujera ƙofar gida da hantsi. Jiya na ji ƙarfi a jikina, na ce tunda ba ta gani sosai bari in ɗan zarce. Ban yi taku biyar ba na ji muryarta daga baya.

"Mushe! Wa ya ce ka wuce na huɗu?"

Na juyo.